Fedar Tsakiya: Yadda Ake Gano Ciwon Birki A Tsohuwar Motar MGB

Duk wanda yake yawan zagaye a Instagram ko TikTok ya san irin bidiyon nan. An buɗe ƙofar gareji, an turo wata 'yar tsohuwar mota mara rufi mai kujera biyu, fentinta ja ko kore yana ɗaukar ido. An murza makulli, inji ya yi tari sau biyu ya kama, sai wajen sharhi ya cika da alamar wuta da ta zuciya. Ana nuna mana sitiyarin katako da agogunan gaba da ƙarar salansa. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne sa'ar da mai motar ya tunkari mararraba ya ɗora ƙafa a kan fedar tsakiya. A nan ne ake sanin ko gyara aka yi wa motar ko kwalliya.

Cikin motocin da suka fi fitowa a irin waɗannan bidiyoyi akwai MGB ta Ingila. Kamfanin MG ya ƙera ta a garin Abingdon, kusa da Oxford, daga 1962 zuwa Oktoban 1980, kuma an yi fiye da guda 500,000, akasarinsu aka sayar a Amurka. Injinta lita 1.8 ne, nauyinta kusan tan ɗaya, gudunta ya ɗan haura mil 100 a awa. (Sabbin motocin MG da ake gani yanzu na kamfanin SAIC na ƙasar Sin ne, suna kawai suka gada.) Saboda yawanta, kayan gyaranta ba sa wuya har gobe, shi ya sa matasa da dama a Turai da Amurka da ita suke fara koyon harkar tsofaffin motoci.

Ga inda gizo ke saƙar. A Birtaniya akwai gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT, inda ake ɗora mota a kan na'ura a auna ƙarfin birkin kowace taya. Tun daga watan Mayun 2018 aka ɗauke wa motocin da suka haura shekara 40 wannan wajibi, matuƙar ba a yi musu wani babban sauyi ba. MGB ta ƙarshe ta fito a 1980, ka ga ke nan duk sun wuce wannan shekarun. Doka ta ce dole motar ta kasance da ƙoshin lafiya, amma babu wanda zai tilasta maka kai ta a duba. Ita kuma motar ba ta da kwamfutar da makanike zai jona wa na'ura ta faɗi ciwonta. Ba ta da ABS, wanda sai a 1978 Mercedes ta fara sa na lantarki a manyan motocinta. Abin da ya rage wa mai MGB shi ne tafin ƙafarsa. Kuma wallahi feda tana faɗin kusan komai, in dai an san yarenta.

Layi ɗaya, rai ɗaya

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Ka taka feda, ita ta tura wani ɗan sanda cikin masta, wato babbar silindar da ke ƙarƙashin bonet. Masta ta matsa man birki cikin bututai. A tayoyin gaba man ya tura fistin biyu na kalifa su damƙe faifai. A tayoyin baya kuma ganga ce, man ya buɗa takalma biyu su goga cikinta. Faifai a gaba a 1962 abin alfahari ne, don shekara tara kacal ke nan da Jaguar ta ci tseren Le Mans na 1953 da irin wannan birki.

Amma MGB ta farko layi ɗaya gare ta. Bututu guda ya huje, ko roba guda ta fashe, tayoyi huɗun duka sun rasa birki a lokaci ɗaya, sai dai ka rungumi birkin hannu kana salati. Waɗanda aka kai Amurka sun samu layi biyu daga 1968 saboda dokar ƙasar ta tilasta, gaba daban baya daban. Na cikin gida Ingila sai a ƙarshen shekarun 1970 suka samu. Don haka tambayar farko ga duk mai irin wannan mota ita ce: tawa mai layi nawa ce? Ka buɗe bonet ka ƙirga bututan da suka fito daga jikin masta, za ka samu amsa.

Yanzu mu zo kan yaren feda. Mota na tsaye, inji a kashe, ka taka ka riƙe da ƙarfi daidai gwargwado na kamar rabin minti. Idan fedar ta tsaya cak inda ta tsaya, madalla. Idan kuwa ka ji tana sulalewa ƙasa sannu a hankali kamar ana zare ta, mai yana guduwa ta wani wuri. Ka leƙa bayan kowace taya da ƙarƙashin mota da kan kafet ɗin da ke ƙasan feda. In ka ga jiƙa, ka kama ɓarawo. In ko'ina a bushe yake kuma man cikin gwangwani bai ragu ba, to robar cikin masta ce ta gaji, mai na zagaye ta yana komawa baya. Wannan mota ba ta fita titi, ko da kuwa unguwa ɗaya za a je.

Wani lokaci fedar ba ta sulalewa, amma tana da laushi, kamar ka taka katifa. Wannan iska ce a cikin layi. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, sai ƙarfin ƙafarka ya ƙare a wajen matse kumfa. Maganin shi ne fitar da iskar ta 'yan nonon da ke jikin kowace taya, mutum ɗaya na taka feda, ɗaya na buɗewa yana rufewa, ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta, ana kuma lura kada gwangwanin ya ƙafe. Akwai wani tarko da ke cinye wa sabbin shiga kwana da kwanaki: in an kwance kalifa biyun gaba aka musanya ta dama da ta hagu, za su ɗauru lafiya lau, amma nonon fitar da iska zai koma ƙasa. Iska kuwa sama take taruwa. Ko jarka guda ta mai ka zuba ba za ta fita ba.

Nau'i na uku shi ne ya fi yaudarar mutane. Ka taka, feda ta tafi can ƙasa kafin ta kama. Ka saki ka sake takawa da sauri, sai ta kama a sama, da tauri. Da yawa sai su ce iska ce, su shiga fitar da iskar da babu ita. A MGB sau tari takalman baya ne suka ci suka yi nisa da ganga, takawar farko duk ta tafi a cike wannan gibi. Gwajin cikin sauƙi yake: ja birkin hannu sama ka sake taka feda. In ta kama da wuri, ka gano bakin zaren, domin birkin hannu ya riga ya matsar da takalman kusa. Birkin bayan MGB ba ya saita kansa. A bayan kowace tayar baya akwai wani ɗan ƙarfe mai kai murabba'i. A ɗaga motar a ɗora ta a kan matokari na ƙarfe, kada a yarda da jak kaɗai, a murɗa shi har taya ta ƙi juyawa, sannan a sassauta kaɗan-kaɗan har ta juya da hannu. Aikin minti ashirin ne in ƙarfen bai yi tsatsa ba.

Wasu direbobi suna sabawa da wannan ciwo, har su riƙa cewa ai motar sai an yi mata famfo sau biyu. Mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ɗaga ƙafa da sake takawa ya kai daƙiƙa ɗaya ko kusa da haka. Tsawon motoci bakwai ke nan ka wuce kafin birki ya fara aiki.

Akwai kuma feda mai tauri kamar dutse amma mota ba ta tsayawa. Ko fistin kalifa ya ƙame saboda tsatsa, ko mai ya jiƙa takalman baya, ko busta ta mutu, a motocin da ke da ita. Busta ita ce tukunyar nan da ke amfani da zuƙar iskar inji tana taya ƙafa dannawa. Gwajinta: inji a kashe ka taka feda sau biyar ko shida, ka riƙe, ka tayar da inji. Ya kamata ka ji fedar ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka. In ba ta motsa ba, a duba tiyon da ya taho daga inji kafin a zargi tukunyar. A wasu MGB ɗin ma busta kan lalace ta ciki ta riƙa zuƙe man birki tana aika wa inji. Mai na raguwa, ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa, sai farin hayaƙi a salansa.

Milimita uku

Ciwon da ya fi ba ni sha'awa a wannan mota ba ya cikin masta ko kalifa. A makunnin danjar birki yake.

A MGB na baya-baya, wannan makunni ana murɗa shi ne a jikin murfin akwatin feda, kansa yana taɓa hannun fedar birki. Sai ya zamana yana aiki biyu: yana kunna danja, kuma shi ne ke tsayar da feda in ta dawo sama. To a cikin masta akwai wata 'yar huda ƙarama da ke haɗa silinda da gwangwanin mai. Duk sanda ka saki feda, fistin ya koma baya ya buɗe hudar, matsin da ya rage ya koma gwangwani, birki ya saki taya. In wani ya canza makunni ya murɗa shi ciki fiye da kima, feda ba za ta dawo har ƙarshe ba, hudar ta zauna a toshe.

Da safe ba za ka ji komai ba. Ka fita, ka taka birki sau goma, mai ya ɗumama ya kumbura, ba shi da hanyar komawa. Birki ya fara kama taya da kansa, gogayya ta ƙara zafi, zafi ya ƙara kumbura mai. Sai ka ji mota na nauyi kamar tana jan tirela, feda ta hau sama ta yi tauri, wari na tashi. Ka tsaya gefen titi rabin awa komai ya huce, ta saki, ka ci gaba, ta sake. Mutane sun sayi sabuwar masta da sabbin kalifa a kan wannan, alhali gyaran bai wuce a warware makunni zagaye ɗaya ko biyu ba. Ƙa'idar da masu motar suke bi ita ce a bar wa feda wasa na kusan kashi ɗaya bisa takwas na inci, wato kamar milimita 3, kafin ta fara tura sandan masta. Da yatsa ake jin wannan wasa, ƙafa ta yi masa nauyi.

Tsohon tiyo ma yana kawo irin wannan alama, sai dai shi yawanci taya ɗaya yake kamawa, ko na baya biyu tare. MGB tana da tiyon roba uku a layin birki, biyu a gaba ɗaya a baya. Daga waje za ka gan shi lafiya, amma cikinsa ya ruɓe ya zama ƙofa mai buɗewa gefe guda: mai ya shiga da ƙarfin ƙafa, ya kasa dawowa. In taya ta kame, ka buɗe nonon iskarta. Mai ya yi tsartuwa taya ta saki? Matsi ne ya maƙale, sai a bi layi baya a ga ko tiyo ne ko masta. Ba ta saki ba? Fistin ne ya ƙame. Haka nan in mota na fizga gefe guda sanda aka taka birki, galibi gefen da ta guje wa ne ba ya kamawa, duk da ido kan fara zuwa gefen da ta nufa.

Duk wannan ya sa nake ganin babban kuskuren da ake yi shi ne fara saitin feda kafin a gama binciken birki. Feda ta yi ƙasa, sai a nemi hanyar ɗago ta, a ƙara wa sanda tsawo ko a yi masa walda. An rufe bakin mai ba da labari ke nan, ciwon yana nan. Saitin feda shi ne aikin ƙarshe, bayan an saita takalman baya, an fitar da iska, an tabbatar babu yoyo.

In an zo kansa, wurin dubawa shi ne fil ɗin da ya haɗa hannun feda da sandan masta. Shekara hamsin ana takawa, fil ɗin ya kan cinye ya yi wuya kamar kwalba, hudar da yake ciki ta tashi daga zagayayya ta koma kamar ƙwai. Feda kuwa tana ninka motsi, a irin waɗannan motoci kamar sau huɗu zuwa shida. Cin milimita biyu a wurin fil sai ya zama kusan santimita guda na tafiyar banza a ƙarƙashin ƙafa. Sabon fil da sabon bushin da ɗan giris, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. In hudar ta faɗaɗa sosai, a cike ta da walda a sake hudawa daidai, ko a canza hannun fedar. A duba sifirin da ke dawo da feda, a duba robar da ke kan feda, don ƙarfe tsirara da jiƙaƙƙen takalmi ba sa shiri.

Fedar kuloci ta fi shan wannan wahala tunda ta fi takuwa. Kulocin MGB da mai yake aiki, kuma yana saita kansa, babu wani noti da za ka murɗa. In giya na ƙara wajen shiga, musamman ribas, kuma kuloci na kamawa dab da ƙasa, a fara da fil biyun, na sama a jikin feda da na ƙasa a jikin ƙaramar silinda, sai iska a layi. Sandan ƙasan ya kamata ya motsa kusan rabin inci in an taka har ƙasa. A tabbatar da wannan kafin a yarda a sauke inji, domin a MGB canza faifan kuloci sai an ciro inji waje.

Sai masu son salo. Akwai wani tsohon bidiyo da ke yawo har yanzu, na marigayi Ayrton Senna yana tuƙa Honda NSX a filin tseren Suzuka na Japan, kyamara na kan ƙafafunsa, da farar safa da takalmin fita unguwa. Ƙafar dama na kan birki, gefenta na ɗan taɓa totur a lokaci guda don inji ya tashi kafin giya ta sauka. Duk wanda ya kalla sai ya so gwadawa, kuma a MGB mutane kan tarar totur ya yi wa birki nisa. Abin lura biyu ne. Ana auna tsayin fedojin ne sa'ar da aka danne birki da ƙarfi, don a nan ake buƙatar su yi kusa. Sannan totur ake kawowa wajen birki, ta hanyar ƙara masa faranti ko saita wayarsa da madakatarsa. Ba a taɓa sauke fedar birki don ta sami totur, saboda tazarar da ke tsakaninta da ƙasa ita ce ajiyarka ranar da wani abu ya lalace. Bayan an gama a tabbatar totur na buɗewa duka, yana kuma dawowa da kansa ba tare da ya maƙale a kafet ba. Wurin koyon wannan salo filin da babu kowa ne. Titin unguwa da ranar ɗaurin aure ba sa ciki.

Game da man birki, lambobin da ke jikin gwangwani suna da ma'ana. DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, DOT 4 kuma 230. Amma dukansu suna shan danshin iska, kuma in sun sha, ma'aunin ya kan sauko zuwa wajen 140 da 155. A doguwar gangara birki na iya kai mai wannan zafi, ya tafasa ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa babu gargaɗi. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko da motar a ajiye take, kuma motar ajiya ma ta fi tsatsa ta ciki. DOT 5 na silikon ne, launinsa shunayya, ba ya cin fenti, shi ya sa wasu masu tsofaffin motoci ke son sa, amma ba a gauraya shi da sauran. Kada sunan ya ruɗe ka, DOT 5.1 dangin 3 da 4 ne. Man inji ko na giya kuwa, ko kaɗan ya shiga, robobin layin duka za su kumbura. Wannan bai tsaya kan motar Ingila ba. Tsohuwar Peugeot 504 da aka haɗa a Kaduna da irin wannan ka'ida take tsayawa, kuma dabarar nan da ake jin wasu direbobi na yi, ta zuba ruwan sabulu in mai ya ƙare a hanya, ruwa ne da ke tafasa a digiri 100 yana kuma cin ƙarfe.

In za ka buɗe gangar da ta daɗe ba a taɓa ba, kada ka hura ƙurar da baki ko da iskar famfo. Tsofaffin takalman birki suna ɗauke da asbestos, wanda ke lalata huhu, kuma sai a 1999 Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya. A jiƙa, a goge, a sa takunkumi.

Bayan kowane gyara, gwajin riƙe feda na rabin minti ya zo farko. Sai tafiya a hankali a wurin da ba mutane, a taka a ga ko mota na tsayawa a miƙe. A yi 'yan kilomitoci, a tsaya, a kusantar da bayan hannu ga kowace taya ba tare da an taɓa faifai ba: wadda ta fi 'yan'uwanta zafi tana kamawa. A sake duba gwangwanin mai, a sa wani ya tsaya a baya ya ga danja na kamawa da zarar an taɓa feda. Abin da hannu da ƙafa ba za su iya aunawa ba shi ne ko tayar dama da ta hagu suna kamawa da ƙarfi ɗaya, wannan sai na'ura. Shi ya sa masu MGB da yawa a Birtaniya suke kai motocinsu gwajin MOT duk shekara don raɗin kansu, duk da an yafe musu. Mafi tsadar kuɗin da doka ta yarda gareji ya karɓa a kan gwajin ƙaramar mota fam 54.85 ne.